DAGA BAKIN ALLO: Jami'ar Cape Coast da Rabon 'Ya'yanmu a Cikinta

   

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, tambaya guda ce take yawo a gidajenmu, wato yaro dai ya ci, to ina za shi? Yawancin iyaye Tamale suke ambata saboda kusa ce, waɗansu Kumasi saboda akwai dangi a zango, waɗansu kuma Legon saboda suna. Ba safai akan ji an ambaci Cape Coast ba, sai fa a bakin malaman makaranta. Wannan ne ya sa na ga ya kamata a wannan wata mu zauna mu dubi jami'ar da ke wancan gari na bakin teku, mu san asalinta, da abin da ake karantawa a cikinta, da hanyar shiga, da nauyin da za ta ɗora wa uba, sa'an nan da abin da muke jira daga yaro in ya gama. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

GARIN DA TAKE

Cape Coast, wanda Fanti masu garin suke kira Oguaa, yana bakin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 150 yamma da Ankara. Shi ne babban birnin Turawan Ingila a wannan ƙasa har zuwa 1877, lokacin da suka kwashe ofisoshinsu suka koma Ankara. A nan ne tsohuwar fadar Turawa take, wadda aka riƙa tara bayi a ƙarƙashinta kafin a zuba su a jirgin ruwa, kuma tafiya kaɗan yamma da ita ga ta Elmina, wadda mutanen Fotugal suka gina a 1482. Mu mutanen arewa ba baƙi ba ne a wannan labari. Da yawa daga waɗanda aka kulle a waɗannan kurkuku daga ƙasashenmu aka kwaso su, aka bi da su ta kasuwanni irin ta Salaga, aka yi musu wankan ƙarshe a rafin Assin Manso, sa'an nan aka gangara da su teku. Ragowar ganuwar Naa Jaringa da muke wucewa kullum a Nalerigu, ana cewa tsoron mahara na daga cikin dalilan gina ta. Saboda haka yaron da ya tashi daga nan ya nufi Cape Coast da akwatin littattafai, hanyar da kakanni suka bi da sarƙa a wuya ita yake bi, sai dai shi da ƙafarsa ya tafi, kuma da niyyar komowa.

Abu na biyu da aka san garin da shi shi ne makarantu. Makarantar 'yan mata ta Wesley ta samo asali tun 1836. An buɗe Mfantsipim a 1876, wadda marigayi Kofi Annan ya yi karatu a cikinta, aka buɗe Adisadel a 1910, St. Augustine's a 1930, Holy Child a 1946, sai Ghana National a 1948. To, mai karatu, riƙe wannan lissafi ka kwatanta da namu. Makarantar gwamnati ta farko a Tamale sai a 1909 aka buɗe ta, ta Gambaga a 1912, kuma dukansu na elementare ne. Sakandare ta farko a arewa duka, wato ta gwamnati da ke Tamale, sai a 1951 ta samu. Tsakanin 1876 da 1951 shekara 75 ke nan cur. Ba kwanya muka rasa ba. Salaga gari ne na malamai tun zamanin fataucin goro na Gwanja, a can ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa kafin yaƙin basasa na 1892 ya mai da shi Kete Krachi, inda ya rasu a 1934. Abin da ya faru shi ne Turawa sun ɗauki arewa rumbun 'yan ƙwadago na ramin zinariya da gonakin koko, don haka ba su ga amfanin yawaita mana makarantun boko ba. Wannan rata ce har yau muke ta faman cikewa.

ASALIN JAMI'AR

Da gwamnatin Dokta Kwame Nkrumah ta shiga gina makarantun sakandare ko'ina a ƙasa, sai aka tarar an sami ajujuwa amma babu isassun malamai masu digiri da za su tsaya a gaban allo. Jami'ar Legon, wadda ta fara a 1948, da ta Kumasi, wadda ta fara a 1952, ba su iya biyan wannan bukata ba. Shi ya sa a watan Oktoba na 1962 aka kafa kwalejin jami'a a Cape Coast, aka sa ta ƙarƙashin kulawar Legon, aka ce aikinta shi ne ta horar da malamai masu digiri domin sakandare da kwalejojin horon malamai da makarantun koyon sana'a. Da ɗalibai 155 ta soma, da sassa biyu kacal, na adabi da na kimiyya. A 1964 aka ƙara tsangayar ilmin koyarwa da ta tattalin arziki da zaman jama'a, kuma a wannan shekara aka sauya mata suna zuwa kwalejin koyar da ilmin kimiyya, don Nkrumah ya ƙwallafa rai a kan malaman kimiyya. Bayan juyin mulkin 1966 aka mayar mata da sunanta na da. Ranar 1 ga Oktoba, 1971, majalisa ta yi mata doka mai lamba 390, ta zama cikakkiyar jami'a mai ba da digirinta da kanta. Takenta da Latin yake, ma'anarsa gaskiya ita ce haskenmu.

Daga nan sai ta yi ta reshe. An buɗe makarantar aikin gona a 1975, makarantar likitanci ta ɗauki ɗalibanta na fari a 2008, sa'an nan a 2014 aka sake tsarin jami'ar duka, aka kasa ta manyan kwalejoji biyar. Akwai ta ilmin koyarwa, wadda ita ce uwa. Akwai ta adabi da shari'a, inda kasuwanci da tattalin arziki da harsuna da aikin lauya suke. Akwai ta aikin gona da kimiyya. Akwai ta kiwon lafiya, inda ake horar da likitoci da ma'aikatan jinya da masu duba lafiyar ido. Ta biyar ita ce ta karatu daga nesa, wadda zan komo kanta a gaba. Wadda ta fara da mutum 155, a shekarar karatu ta 2016/2017 an ƙirga mata ɗalibai sama da 70,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu masu karatu daga nesa ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wata alaƙa tsakaninmu da wannan jami'a wadda da yawa ba su lura da ita ba. Shekara da shekaru cibiyarta ta ilmin koyarwa ce take shirya jarrabawar kwalejojin horon malamai na ƙasar nan, ita take dubawa, kuma da aka koma tsarin difloma a 2004 ita take ba da takardar shaida. Saboda haka malamin da ya fito daga Bagabaga, ko Gbewaa ta Pusiga, ko E.P. ta Bimbilla, ko St. John Bosco ta Navrongo a waɗannan shekaru, ko bai taɓa ganin teku da idonsa ba, ta hannun Cape Coast ya wuce. Mu da muka yi kwalejin horon malamai mun san yadda gaba yakan faɗi in aka ce takardun jarrabawa sun iso daga can. A 2018 ne aka mai da kwalejojin gwamnati 46 masu ba da digiri na shekara huɗu, daga baya aka rarraba su tsakanin jami'o'i biyar, Cape Coast na ciki. Abin nufi, duk yaron da ya zauna a ajin firamare a Yendi ko Bawku, ya riga ya sha daga rijiyar wannan jami'a ta hannun malaminsa.

BINCIKE DA MUTANENTA

Jami'a ta bambanta da sakandare da abu guda, shi ne malamanta bayan koyarwa wajibi ne su yi bincike su fito da sabon sani. A jerin jami'o'in duniya na 2022 da mujallar Times Higher Education ta Ingila ta fitar, Cape Coast ce ta zo ta ɗaya a Gana da Afirka ta Yamma baki ɗaya, musamman saboda yawan ambaton binciken malamanta da masana na waɗansu ƙasashe suke yi. Irin wannan jeri yana hawa yana sauka kowace shekara, kuma ba shi ne zai koya wa yaro karatu ba, amma dai ya nuna cewa wurin ba na wasa ba ne. Da yake a bakin ruwa take, tana da cibiya ta musamman mai nazarin zaizayar gaɓar teku da raguwar kifi, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa.

Wani zai ce, ina ruwan manomin Garu ko Gushegu da kifin teku? To, ga wanda ya shafe mu. Kowane manomi a nan ya san ƙuduji, wanda waɗansu suke kira wuta-wuta, ciyawar nan da take maƙale wa saiwar shuka ta tsotse ta har ta ƙone. Wani malamin jami'ar, Farfesa Aaron Asare, tare da masu binciken aikin gona na cibiyar SARI, wadda hedkwatarta take Nyankpala kuma take da tasha a Manga kusa da Bawku, sun yi shekaru suna aiki har suka fito da sababbin irin wake, waɗansu daga ciki ƙuduji ba ya cin su. Ka ga aikin da aka fara a ɗakin gwaji a bakin teku ya ƙare a gonar mutumin Kusasi da ta Mamprusi. Irin wannan aiki kuwa ya fi kyau a ce akwai 'ya'yanmu a ciki, waɗanda suka tashi da fartanya a hannu, suka san ƙasar da harshen manomanta.

Game da shugabanninta, mutum biyu sun isa misali. Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang ta shugabanci jami'ar daga 2008 zuwa 2012, ita ce mace ta farko da ta riƙe jami'ar gwamnati a Gana. Ta zama ministar ilmi daga 2013 zuwa 2017, kuma ranar 7 ga Janairu, 2025 aka rantsar da ita mataimakiyar shugaban ƙasa. Wanda ya gaje ta a jami'ar daga 2012 zuwa 2016 shi ne Farfesa D. D. Kuupole, masanin Faransanci, ɗan arewa daga yankin Nandom. Na kawo ta farko domin uban da yake ganin karatun 'ya mace asara ce, alhali ƙannenmu mata suna can Ankara da Kumasi suna kayayo, suna kwana a bakin shaguna. Na kawo na biyu domin yaron da yake zaton ɗan arewa ba ya kai wa kujerar sama a kudu.

HANYAR SHIGA DA BATUN KUƊI

Sharaɗin shiga karatun digiri a fili yake. Ana son kiredit, wato daga A1 zuwa C6, a darussa shida na WASSCE: uku na dole, su ne Turanci da lissafi da kimiyya ko nazarin zaman jama'a, da uku na zaɓi waɗanda suka dace da abin da yaro yake son karantawa. In aka tara makin shidan kada ya wuce 36. Amma fa iyaye su gane, 36 bakin ƙofa ne kawai. Fannonin da ake rububi, kamar likitanci da shari'a da jinya, sai mai ƙaramin maki ƙwarai yake samu, domin a wannan lissafi ƙanƙantar adadi ita ce nasara. Inda 'ya'yanmu suka fi faɗuwa shi ne Turanci da lissafi. Yaron da ya sami D7 a ɗayansu, gara ya sake zama jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara da a ɓata kuɗi wajen sayen fom. Wanda kuma ya kai shekara 25 yana da wata ƙofa ta manya, inda ake yi masa jarrabawar shiga ta musamman.

Ana sayen lambar cike fom a bankunan da jami'a ta ambata ko a gidan waya, sa'an nan a cike ta intanet. Shawarata ita ce kada a bar yaro shi kaɗai da mai shagon kwamfuta. A nemi malaminsa na sakandare ya zauna da shi, domin zaɓin fanni na ɗaya da na biyu da na uku shi ne inda ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa sai baɗi. Kuma a yi hattara da masu cewa suna da hanya a ciki, a ba su kaza su samo wa yaro gurbi. Kowace shekara akan ji an damfari wani. Mutum ya sayar da sa ya miƙa wa wanda bai san gidansa ba, in ya ɓace wa za a kama?

Game da kuɗi, ba zan sa adadi ba domin yana canzawa shekara-shekara kuma ya danganta da fanni, sai a duba takardar da jami'a take fitarwa. Abin da ya kamata a sani shi ne a 2025 gwamnati ta fara ɗaukar kuɗin karatu na shekarar farko ga sababbin ɗaliban manyan makarantunta. Wannan sauƙi ne babba, amma bai shafi ɗaki da abinci da littattafai da kuɗin mota ba, kuma shekara uku na nan gaba suna jira. Akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnati, wanda tun 2022 aka cire sharaɗin kawo mai tsaya wa mutum, katin ɗan ƙasa ya isa. Akwai kuma ɗan taimakon da majalisun gundumomi da 'yan majalisa sukan ba ɗalibai marasa ƙarfi, sai dai wanda ya rubuta takarda da wuri shi yakan samu. Uba mai dabara tun yaro yana aji biyu na sakandare yake ware tunkiya biyu ko buhun waken soya da sunan karatunsa, uwa kuma ta shiga adashi da kuɗin man kaɗanya. Da rarrafe yaro kan tashi.

ZAMAN CAN

Tafiyar ba ƙarama ba ce. Daga Nalerigu sai ka bi Gambaga da Walewale zuwa Tamale, ka ƙetare ruwa a Yapei da Buipe, ka wuce Kintampo da Techiman ka shiga Kumasi, ka sake mota ka bi ta Assin Fosu zuwa mararrabar Yamoransa, sa'an nan ka ga teku. Ya fi kilomita 700, kuma yini da kwana ne. Mutumin Salaga yana iya yanke hanya ta jirgin fito daga Makango zuwa Yeji. Na Bawku kuwa tasa ta fi ta kowa tsawo. Saboda haka yaron da ya tafi ba zai riƙa zuwa suna da biki ba, sai hutu. Iyaye su san da wannan tun kafin a fara, kada a riƙa kiransa gida a tsakiyar zangon karatu.

Jami'ar tana da harabobi biyu, tsohuwa a kan tudu tana kallon teku, sabuwa kuma a arewa da ita, inda yawancin ɗakunan lacca da babban ɗakin karatu mai sunan Sam Jonah suke. Gidajen kwanan ɗalibai sun haɗa da Oguaa da Atlantic da Valco da Kwame Nkrumah, da Adehye na mata zalla, da Casely Hayford na maza zalla, wanda aka sa wa sunan lauyan nan ɗan garin da ya yi gwagwarmaya da mulkin Turawa. Gadajen ba su isa kowa ba, don haka galibi 'yan shekarar farko ake ba fifiko, daga shekara ta biyu sai ɗalibi ya nemi haya a unguwannin kewaye, irin su Amamoma da Apewosika da Kwaprow. Kuɗin hayar nan shi ne abin da ya fi kayar da iyaye, domin ba su sa shi a lissafi ba tun farko.

Yanayin ma daban yake. Damina biyu suke yi a shekara, iska mai laima ce da gishiri, wanki ba ya bushewa da wuri, ƙarfe kuma tsatsa yake yi. Abincinsu dokunu ne da kifi da barkono, amma mai son tuwon zafi ko wake da shinkafa ko koko da ƙosai ba zai rasa ba, domin akwai zango a wajen kasuwar Kotokuraba, kuma Hausawa sun daɗe a garin, tun zamanin sojojin da Turawa suka kawo domin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Ɗalibai Musulmi suna da ƙungiyarsu ta GMSA, Kirista suna da nasu, akwai kuma ƙungiyoyin 'yan arewa masu karɓar sabon zuwa. Gargaɗi guda zan yi da babbar murya: teku ba Kogin Volta ba ne, ba kuma dam ɗin garinku ba ne. Igiyarsa tana ja ta ƙasa. Masuntan Fanti da aka haifa a bakinsa ma suna girmama shi, har ba sa fita kamun kifi ranar Talata. Yaron da ya iya iyo a tafki kada ya ce zai gwada.

An kuma san jami'ar da tsanani wajen karatu. Ana yin gwaje-gwaje a tsakiyar zango, wani lokaci da sassafe kafin gari ya gama wayewa, kuma makin waɗannan gwaje-gwaje da aikin gida kashi 40 ne cikin 100, jarrabawar ƙarshe kashi 60. Ɗalibin da ya saba da barin karatu sai mako biyu kafin jarrabawa, ya riga ya zubar da kusan rabin makinsa. Can babu babban malami mai bulala, babu mai kaɗa ƙararrawar tashi. Kowa kiwon kansa yake yi.

GA 'YAN'UWANA MALAMAI

Yanzu bari in juyo ga abokan aikina. A 1997 jami'ar ta kafa cibiyar ci gaba da karatu, wadda a 2014 ta zama kwalejin karatu daga nesa. Tana da wuraren haɗuwa a yankuna, har da Tamale da Bolgatanga da Wa, inda ake zuwa ƙarshen mako a sadu da masu koyarwa, sauran kwanaki kuma mutum ya karanta littattafan da aka ba shi a gida. Akwai kuma karatun hutu, wanda ake zuwa can harabar a yi lokacin da makarantu suke rufe. Waɗannan hanyoyi biyu sun yi wa malamin arewa rana, domin hutun ƙaro ilmi da albashi ba kowa yake samu ba, kuma mai mata da 'ya'ya da tsofaffi a gida ba zai iya kulle ƙofa ya tafi shekara huɗu ba.

Amma akwai gyara a wajenmu. Ana samun malamin da zai bar aji tun ranar Alhamis da sunan tafiya karatu, ba za a sake ganinsa ba sai Talata. A makarantar ƙauye mai malami uku da aji shida, tafiyar mutum ɗaya rufe aji biyu ce. In digirin malami ya samu ta hanyar zaman banzan yara sittin, to an yi ba a yi ba, an tsine wa kare an ba shi nama. Babban malami da malamansa su zauna tun farkon zango su tsara wanda zai riƙe wa wani aji, a sanar da shugaban iyayen yara, a rama darasin da aka rasa. Abu na biyu, mu daina tururuwa zuwa fannin da ake ganin ya fi sauƙi don kawai a sami ƙarin girma. Abin da makarantunmu na Bunkpurugu da Chereponi da Saboba da Kpandai suke kuka da shi shi ne malamin lissafi da kimiyya da Turanci, wato darussan nan da suke tare 'ya'yanmu a bakin ƙofar jami'a. In mu ba mu karanta su ba, wa zai zo ya koyar?

Kada wani ya ɗauka ina kushe tamu ta gida. Jami'ar UDS da aka kafa a Tamale a 1992 ta buɗe wa dubban 'ya'yan talakawa ƙofa, kuma tsarinta na tura ɗalibai zama a ƙauyuka a zango na uku abin yabo ne. Rassanta na Wa da Navrongo ma sun zama jami'o'i masu cin gashin kansu. Winneba kuma, wadda ta fara a 1992 ƙarƙashin kulawar Cape Coast ta tsaya da ƙafarta a 2004, tana nan ga mai son aikin koyarwa. Abin da nake cewa shi ne a zaɓi makaranta bisa fannin da yaro yake so da makin da ya samu da ƙarfin aljihun gida, kada tsoron nisa kaɗai ya yanke hukunci. Kakanninmu fatake daga Kano suke takowa da jakai har Salaga saboda goro, wata da watanni a hanya. Kwana ɗaya a mota saboda ilmi bai kai abin ja da baya ba.

Saura magana ta ƙarshe, kuma ita ce mafi nauyi. Yaron da aka sayar da dabba aka tura shi bakin teku, bashi ne a kansa. Mun sha ganin wanda ya gama, ya yi hidimar ƙasa ta shekara guda a kudu, ya sami wuri ya zauna, sai dai a gan shi da salla ko ranar jana'iza. Ba laifi ba ne mutum ya nemi abincinsa inda Allah ya ajiye masa. Amma in ma'aikacin da aka turo mana daga kudu ya ƙi zuwa, ɗanmu da muka tura shi ma ya ƙi komowa, to ratar shekara 75 ɗin nan wa zai cike ta? Ina roƙon sarakunanmu da limamai da fastoci da ƙungiyoyin matasa na kowane gari su kafa ɗan asusu, ko na ɗalibi biyu ne a shekara, mace ɗaya namiji ɗaya, da sharaɗin in sun gama za su yi wa gundumarsu aiki na waɗansu shekaru. A rubuta sharaɗin a gaban shaidu, a kuma riƙa karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a. Kuma ina fata 'ya'yanmu na Bawku da Nalerigu da za su haɗu a aji ɗaya a can, su ci a kwano ɗaya, su komo mana da wannan zumunci, domin babu makarantar da take tsayawa a garin da ba a barci da ido biyu.

A nan zan dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko da wasiƙa ta hannun edita, za mu amsa a wannan fili gwargwadon iko. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kwalejojin horon malamai da na jinya da ke kusa da mu, irin su ta Gambaga da ta Nalerigu da ta Yendi, domin wanda makinsa ko aljihunsa bai kai shi teku ba. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba mu ikon sauke nauyinsu. Ku huta lafiya.